Sanyin Ɗakin Habboba

Shekaran jiya muna dawowa daga kasuwar Suk al-Shabi ni da 'yata, direba ya kauce wa cunkoso ya bi da mu ta wani lungu na tsohon Omdurman, sai wani wari ya shigo ta taga. 'Yata ta ja gefen mayafinta ta toshe hanci, ta ce, "Ya Yumma, di riha shinu? Mama, warin me ne wannan? Me ya mutu a nan?" Leƙawa na yi, na ga wani dattijo a kan tsani yana shafa wa katangar gidansa baƙar laka da tafin hannu. Babu abin da ya mutu. Zibala ce, rabona da ita kuwa tun ina yarinya.

Idan ba a gidan ƙasa ka tashi ba, bari in gaya maka. Kashin jaki da na shanu ake tarawa, a haɗa da laka da ƙaiƙayi, a jiƙa a rami a bar shi ya kwana biyu ya ruɓe. Daga nan a yaɓe bango da rufi da shi kafin ruwan farko ya sauka. Idan ya bushe warin yakan tafi, ruwa kuma ya riƙa zamewa a kan bangon bai ci shi ba. Ba zan yi maka ƙarya in ce ƙamshi ne ba. Amma ranar da na shaƙe shi a motar nan, kakata ce ta faɗo mini a rai, har na ji idona ya ciko.

Mahaifiyar babana ce. Habboba muke ce mata, kamar yadda 'ya'yan maƙwabta Larabawa suke kiran tasu, duk da ita da Hausa kawai take amsa mana. Gajeriyar mace ce mai kaifin baki. Larabci ta iya shi sarai, amma sai ta ga dama take jin sa. Dukiyarta duka akwatin ƙarfe ne guda, da angarib, wato gadon nan na igiya, da tukunyar dafa gahawa. Sai kuma ɗakinta.

Kakana ne ya gina shi da hannunsa, lokacin da suka gaji da tsintar auduga a Jazira suka dawo birni. Ban riske shi ba. Ginin jalus ne: a ɗora laka layi ɗaya, a bar ta ta bushe, a ɗora wani. An ce bai yi gaggawa ba, kuma bai yi rowar ƙasa ba. Kaurin bangon ya kai in hau bakin taga in zauna da ƙafafuna a miƙe. Tagogin ƙanana ne, ɗaya arewa ɗaya kudu. Rufin azara ne da tabarmi, aka danne da ƙasa mai yawa. Ƙofar gajeriya ce, babana ma sai ya sunkuya, kuma ban taɓa ganin ta a rufe da rana ba. Labule ne kawai, wani tsohon zane da ya koɗe.

Ka san zafin garin nan kafin damina. Ƙarfen ƙofar gida ba ya taɓuwa, kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin randa, mutum ya zuba ruwa a ƙasa kafin ya juya ya bushe. Yawancin maƙwabtanmu a lokacin rufin kwano suke da shi, musamman 'yan haya waɗanda mazansu ke aiki a gareji da kasuwa. Da tsakar rana ɗakunansu ba su shiguwa. Amma kana ɗaga labulen Habboba ka saka ƙafa, sai ka ji kamar ka zura hannu cikin randa. Duhu-duhu, yashi a ƙasa an yayyafa masa ruwa, ga ɗan ƙamshin turaren wuta na safe bai gama fita ba.

Shi ya sa da an idar da sallar azahar mata suke fara shigowa. Ba gayyatarsu ake yi ba. Mai jego ta zo da jaririnta da ƙurajen zafi suka feso wa, ta shimfiɗa shi a jikin bango. Mai sayar da shayi a bakin titi ta zo ta miƙe bayanta kafin la'asar. Wata ta zo da tsintar wake, wata da kitso rabi, wata kuwa ba ta zo da komai ba sai ɓacin ran da ta kwaso daga gida. Hausa da Larabci su cakuɗe, a yi gulma, a yi sulhu, a yi gyangyaɗi. Idan azumi ya faɗo a bazara, sai ka tsallake mutane kafin ka kai ga akwatin ƙarfe. Ni a ɗakin nake kwana tun da aka yaye ni, don haka nakan cika in batse, kamar ni na gina.

Akwai wadda ba ta fashi, ƙawar Habboba ce tun Jazira, tare suka tsinci auduga suna 'yan mata. Idonta ya yi rauni ƙwarai. Daga gidan ɗanta take lalubo katanga da hannu, gida bayan gida, har ta taɓa labule. Wurinta sananne ne, kusa da ƙafar gado, ba mai zama a nan. Kullum sai sun yi musu a kan wadda ta fi cika buhu a zamaninsu, kullum kuma ba a rabuwa da gaskiya ɗaya.

Wata rana mahaifiyata ta yi ƙorafi cewa sukari yana ƙarewa da wuri saboda baƙin rana. Habboba ta ce, "To a daina sa musu. Ba don sukarinki suke zuwa ba. Ni ban da gona, ban da akuya, sanyin nan shi ne sadakata." Mahaifiyata ba ta sake tayar da maganar ba, sukarin ma ba ta daina sawa ba.

Lokacin ɗari kuwa bangon nan juyawa yake yi. Ya sha rana yini guda, ya riƙe ɗumin. Habboba ta toshe tagar arewa da tsumma, ta sa ɗan gawayi a kasko, shi ke nan. Da safe kafin in tafi makaranta nakan jingina bayana da bango ina shan shayi, in ji shi da ɗumi-ɗumi kamar jikin mutum. Ba mu san ana biyan kuɗi don a ji sanyi ko a ji ɗumi ba. Abin da ɗakin yake nema a wurinmu yaɓen nan ne na shekara, da haƙurin mako guda na wari. Mazan gida da na maƙwabta su taru, mata su dafa abinci, mu yara mu sha tsokana a makaranta cewa daga garken jakuna muka fito.

Sai baffana ya dawo hutu daga Saudiyya. Shi ne autan Habboba, makanike ne, kuma duk cikin 'ya'yanta ba wanda ya kai shi son ta. Ya zo ne don bikin yayata, wadda za a kai gidan wasu mutane na ƙetaren kogi, masu ginin siminti da fanka a kowane ɗaki. Bikin ya faɗo daidai lokacin yaɓe. Baffa ya tsaya a bakin ramin zibala ya daɗe yana kallo, ya ce wallahi dangin ango ba za su shigo su tarar da wannan ba. Ya ce kuma ya gaji da ganin uwarsa tana kwana cikin kashin dabbobi alhali yana da rai yana da sana'a. Aka cike ramin. Aka kawo siminti da yashi, aka shafe ɗakin ciki da waje, aka bi shi da fenti shuɗi.

Kada ka ɗora masa laifi, don mu duka mun yi murna. Habboba da kanta ta riƙa kama hannun mata tana shafa musu bangon, tana cewa, "Ku ji santsi. Autana ne." Ƙawarta ta shafa ta ce kamar kwanon sha. Babu wanda ya ce kada a yi. Ba wanda ya sani.

An yi 'yan shekaru lafiya. Sanyin ɗakin bai tafi ba, yaɓe kuma an huta da shi. Sai dai wani ɗan warin danshi da ya fara zama a kusurwa ko da rani, da kuma gindin bangon da in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar ganga. Mu yara wasa muka mai da abin. Daga baya ne muka gane cewa ƙasa tana shan ruwa tana fitarwa, haka take rayuwa. Siminti ya tsage nan da can, ruwa ya samu hanyar shiga, bai samu ta fita ba. Daga waje shuɗi fes, daga ciki bangon kakana yana narkewa.

Shekarar da aka yi ruwa mai yawa, wanda ya kwantar da gidaje a unguwanni da dama, namu ya tsaya har aka ɗauke. Da safe muna tsakar gida muna shan shayi, muna ta hamdala, sai muka ji ƙara. Simintin bangon kudu ne ya saɓule gaba ɗaya ya kife, abin da ke bayansa kuwa kamar kunu. Kafin hantsi rufin ya zauna. Allah ya tsare, ba kowa a ciki. Habboba ta yi salati, ta ce a ciro mata akwatinta, ta koma gefe ta zauna a kansa. Ba ta yi kuka ba a gabanmu. Ni na yi mata.

Lokacin baffa ya riga ya dawo gida gaba ɗaya, ya buɗe ɗan gareji a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, samu kuma ba kamar na Saudiyya ba. Abin ya ci shi ƙwarai. Ya tattara abin da ya rage masa ya gina mata sabon ɗaki a gurbin tsohon: bulon siminti, rufin kankare, tagar gilashi, ƙofar ƙarfe. Ya ce wannan ko kogi ne ya shigo ba zai motsa ba, kuma gaskiyarsa, har yau yana nan. Sai dai da bazara ta zo muka gane tanda aka gina. Kankare ya sha rana ya riƙa amayar da ita har bayan isha'i. Baffa ya je ya ɗauko mukayyif ɗin da ya taho da shi don ɗakin aurensa, na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da lantarki, ya huda bango ya saka wa uwarsa.

Mata suka dawo. Habboba ta rataya labule a kan ƙofar ƙarfe, ta tokare ƙofar da dutse, aka ci gaba kamar da. Na'ura ta yi ta gurnani daga hantsi zuwa la'asar ba hutawa, sanyin yana fita ta ƙofa yana bin iska. Ƙarshen wata takardar wuta ta zo. Baffa bai ce komai ba. Wata na biyu ma bai ce ba. Amma Habboba tana da ido. Ta ga ya daina sayo nama ranar Juma'a, ta kuma ji yana gaya wa babana cewa maganar aurensa a ɗaga zuwa baɗi.

Ranar da ya yi magana ina wurin. Ya durƙusa a gaban gadonta, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Yumma, da za ki riƙa tura ƙofar nan. Ba don komai ba, makanar nan ta sanyi tana wahala, wutar kaharaba kuma tana tafiya sakit, a banza. Duk wadda ta zo ai sai ta ƙwanƙwasa, a buɗe mata."

Ta dube shi, ta ce, "To."

Shi a Saudiyya ya saba, kowa da ƙofarsa da ƙararrawa. Ya manta yadda muke. A wurinmu ba a buga ƙofar tsohuwa da rana. Idan ka ga a rufe, ko ba ta da lafiya, ko ba ta son mutane, ko tana cin abin da ba ta so a gani. Mata suka riƙa shigowa tsakar gida, su kalli ƙarfen nan, su gaisa da mahaifiyata, su ce a gaishe da Hajiya idan ta tashi. Mahaifiyata ta ce musu ai idonta biyu, ku shiga. Su ce a'a, a bar ta ta huta. Cikin ɗan lokaci ƙafa ta ɗauke.

Na tuna ranakun nan da kyau, kuma ba na son tuna su. In dawo daga makaranta in shiga, ɗaki sanyi har da jan mayafi, mu biyu kawai. Habboba a zaune a bakin gado, ta karkata kai wajen ƙofa tana sauraron takun da ba za ta ji ba saboda gurnanin na'ura. Ta dafa gahawa, ta jera kofuna kamar kullum, ta mayar da su a bushe. Bakin nan nata mai kaifi ya mutu. Ko ni ta daina yi wa faɗa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Da ta ga har ƙawarta ta daina zuwa, wata rana bayan la'asar ta yafa mayafi ta ce in raka ta. Muka tarar da tsohuwar a ɗakinta na kwano, kwance a tabarma, ta jiƙa zane ta lulluɓa, zanen har ya bushe a jikinta.

Habboba ta ce, "Kin daina zuwa."

Ƙawar ta ce, "Na zo. Na lalubo katanga har ƙofarki, hannuna ya taɓa ƙarfe. Na tsaya. Na ji wani abu yana gurnani a ciki, ban ji muryarki ba. Na ce ko kin huta da mu ne."

"Me ya hana ki bugawa?"

Tsohuwar ta juyo da fuskarta inda muryar take, ta ce, "Ni da ke, sai na buga?"

Habboba ta durƙusa kusa da ita. Ta ɗauki zanen ta sake jiƙa shi a randa, ta lulluɓa mata, muka zauna har magariba ta kusa.

Washegari da hantsi ta sa aka fito da gadonta, aka ajiye a ƙarƙashin rakuba, rumfar nan ta kara da ke fuskantar ƙofar gida. Ta kashe na'ura da hannunta. Baffa ya dawo cin abincin rana ya tarar da uwarsa a waje, gumi yana bin wuyanta. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Yumma, ni na kore ki? Koma ciki, ki buɗe ƙofar yadda kike so. Zan biya. Wallahi zan biya."

Ta ce, "Zauna, ɗana." Ya zauna a ƙasa. Ta ce, "In na buɗe, kai nake ci. In na rufe, su nake kora. Wancan sanyin ubanka ne ya bar mini, shi ya sa na raba shi yadda na ga dama. Wannan naka ne, duk wata sai ka sake sayen sa. Ba zan yi sadaka da guminka ba."

Daga baya ya ce zai sake gina mata na jalus a gefe, babana ma ya yarda. Amma fili ya yi kaɗan, masu irin ginin sun yi wuyar samu, aka ce bayan damina, aka sake cewa bayan damina. Ba a gina ba.

Ina so in ce maka mata sun dawo sun cika rumfar, amma ba haka aka yi ba. Sun zo na 'yan kwanaki don kara. Sai dai zafin rakuba da na gidajensu duk ɗaya ne, ga shi wasu sun fara samun fanka. Aka ragu, aka ragu, har ya zama ƙawarta kaɗai. Tsofaffi biyu a rumfa da tsakar rana, da jiƙaƙƙen zane da mafici ɗaya suna karɓa-karɓa, suna musun buhun auduga. Bakin Habboba ya dawo, ta ci gaba da yi mini faɗa. A haka ta ƙarasa sauran bazarorinta, ba ta sake yin azahar a ɗakin kankare ba. Baffa kuwa har ya tsufa, idan aka ambaci tsohon ɗakin sai ya tashi ya nemi abin yi a waje.

Yanzu ni ce tsohuwar gida. Ɗana ya gina mana a bayan gari, irin ginin da ake yayi don rage kuɗin wuta. Bulo mai rami a ciki, rufi biyu da iska a tsakani, an shafe saman da fari, ga faranti masu ɗaukar hasken rana. Abin da muke saya na wuta kaɗan ne, da ɗari ma ba ma kunna komai. Abokansa suna zuwa su duba su yi tambaya, shi kuma ya yi ta bayani cewa sirrin duka kada a bar kafa ko ɗaya, iskar waje ta zauna waje, ta ciki ta zauna ciki. Har ƙofofin da kansu suke komawa su rufe. Ina alfahari da shi, Allah ya yi masa albarka. Sanyin gidan nan ba ya cin gumin kowa, da Habboba ta gan shi da ta ce wannan ana iya rabawa.

Kuma ina kewar ta, ina kewar hayaniyar nan ta azahar, kewar da ba ta raguwa da shekaru. A bazarar da ta wuce, wata rana zafi ya kai inda ya kai, kowa ya fita aiki, na dubi falon nan da zai ɗauki matan layinmu duka. Na sa kujera na tokare ƙofar falo, na buɗe ta waje, na dafa gahawa na zauna inda za a gan ni. Mata sun wuce. Wasu na san su, muna gaisawa a wurin biki. Duk wadda ta zo daidai ƙofar sai ta kawar da kai don ladabi, ta ƙara sauri.

Gab da la'asar wayata ta yi ƙara. Ɗana ne, muryarsa a tsorace. Ya ce, "Yumma, lafiya? Maƙwabciya ta kira ni, ta ce ƙofarki a buɗe take tun azahar."

Na ce masa lafiya lau, mantawa na yi. Na tashi na janye kujerar.